Kunun Kanwar da Kaka Ta Kai Bene

Shekaranjiya autana ya jawo robar garin shinkafa daga kan kanta, ya zazzage ta a ƙasa, ya tattaka son ransa, sannan ya kama hanyar falo kamar wanda aka aika. Na fito da niyyar in ja masa kunne, sai na ga sawunsa farare, ƙanana, a jere tun daga ƙofar kicin har gindin kujera. Tsintsiya na hannuna amma na kasa shara. Na tsaya ina dariya ni kaɗai, don rabona da ganin irin wannan sawu tun ina yarinya a unguwar Kurayyat ta Jidda, a ɗakin wata Ba'indiya, ranar da kakata ta yi kuskuren da aka shekara da shekaru ana tsokanarta a kansa.

Bari in fara da gidan, in ba haka ba ba za ka gane ba. Tsohon bene ne wanda fentinsa ya gaji, matakalarsa kullum tana warin kifi da turaren wuta. Mu ne a ƙasa: Baba da ke tuƙi a wani gida a Abhur, ba ma ganinsa sai ƙarshen mako, Inna da kekenta na ɗinki, ni da ƙanena wanda bai daɗe da iya gudu ba, sai Kaka, mahaifiyar Baba. A ɗakin da ke jikin namu akwai Goggo, ƙanwar Baba, wadda in ta ji labari da safe, kafin azahar an san shi har can unguwar Madain Fahd. Ana cewa ni na gado ta, kuma ban taɓa musu ba.

Kaka ta zo aikin Hajji ne tun Baba bai yi gemu ba, ta ga wuri ta zauna. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa riƙe iƙama ba, wato takardar izinin zama. Saboda haka muka tashi da wata doka da ba wanda ya taɓa faɗa mana da baki: in an ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi, kowa ya yi tsit. Inna ta ɗaga ƙafa daga keke, a rage rediyo, ko cokali ba ya motsi, sai an ji muryar mai bugun. Amma in ka cire wannan, Kaka ba ta tsoron kowa. Ita ce ungozomar Hausawan layinmu, kuma abin alfaharinta a duniya idonta ne. Mace za ta wuce cikin baƙar abaya, daga ita sai idanu, Kaka ta bi ta da kallo ta ce, “Wannan a fara tanadin itace.” Kuma haka za a yi.

A can hawan ƙarshe akwai mata da miji, mutanen kudancin Indiya. Mijin mai gyaran mukayyif ne, na'urar sanyaya ɗaki, siriri mai yawan sunkuyar da kai. Matar muna ce mata Khala. Doguwa ce mai jiki, gashinta har gadon baya, kullum tana ƙamshin man kwakwa. Sun daɗe da aure ba haihuwa, kuma ko yaro ya san abin yana damunta, don in ta ɗauki ƙanena sai an yi da gaske take sauke shi. Larabcinta guntu-guntu ne, na Kaka ma duk shekarun nan bai wuce na cefane ba, amma sai su zauna a bakin ƙofa su yi hira mai tsawo, rabi da baki rabi da hannu. Ba mu taɓa shiga ɗakinta ba. Mun san ba ta salla, ba mu kuma tambaya ba. A wancan lokacin wanda ba Musulmi ba yana yin ibadarsa ne a ɓoye, kuma kowa ya san in magana ta kai kunnen mai gida ko kafili, wato wanda ya tsaya wa baƙo a takardun zama, aikin mutum na iya tafiya, a sa shi a jirgi.

Abin ya faru ne a ƙarshen zafi, lokacin da iskar Jidda take zama kamar tururin tukunya, ka yi wanka ka fito ka rasa ko ka goge jiki ko ba ka goge ba. A watannin nan Khala ta daina saukowa sosai. In ta sauko ma a lulluɓe take, tana haki a matakala, wanda kowa ma yake yi. Sai wata rana ta zo wurin Inna tana roƙon ƙyallen rawaya mai sheƙi daga ragowar ɗinki, ta nuna da yatsu cewa 'yar riga za ta ɗinka. Kaka na gefe tana jan carbi, sai na ga carbin ya tsaya.

Bayan kwana biyu mijin ya wuce da madara da man shanu fiye da abin da mutum biyu za su ci, da wani abu a naɗe cikin tawul yana 'yar ƙarar ƙararrawa. Carbin Kaka ya sake tsayawa. Washegari da hantsi Khala ta sauko da kanta aron turmi. Leɓenta a bushe, ta ƙi karɓar ko ruwa. Ba a jima ba muka ji daka daga sama, ƙamshin busasshiyar citta ya gangaro ta matakala har cikin ɗakinmu.

Kaka ta ajiye carbi ta ce, “Halas, shi ke nan. Yajin jego ne. Yarinyar nan yau take, ko ma ta sauka.”

Inna ta ce ƙyallen da ta bayar ko ɗan bakwaini ba zai shiga ba, tafin hannu ne kawai. Kaka ta ce hula ce. Goggo ta ce ita ba ta ga ciki ba. Kaka ta ce ai shi ya sa ba a kiran Goggo in naƙuda ta tashi. Abin da ya fi ci wa Kaka rai shi ne yarinya ba uwa ba dangi a ƙasar mutane ta haihu a saman kanta ba ta sani ba. Ta yi ta faɗa da kanta, tana cewa wane irin zaman tare ne wannan.

Da la'asar gidanmu ya koma gidan biki. Kaka ta jiƙa kanwa, ta dama kunu mai kauri da citta da kanumfari, ta sa aka ɗora babbar tukunyar ruwan zafi. Inna ta ciro atamfa daga akwati. Goggo kuwa ta sa mayafi ta fita “sayen sabulu”, ta dawo da sabulun da kuma matan layinmu a bayanta, kowacce da abin da ta samu: wannan omo, wannan hoda, wata tsohuwa har da ƙafar saniya a leda. Murna ake yi ta gaske. Duk sun san shekarun da Khala ta yi tana kallon 'ya'yan mutane, har wata ta fara share hawaye tana cewa Allah ba ya manta bawansa.

Muna idar da magariba sai muka ji waƙa daga sama, a hankali, ana kaɗa ƙaramar ƙararrawa. Ba mu san ko kalma ɗaya ba, amma duk macen da ta taɓa goyo ta gane ta. Waƙar rarrashin jariri ce. Kaka ta kalli Goggo, kallon nan na “me na ce miki?”, ta ce yalla, mu je.

Haka muka hau a jere. Kaka a gaba, ni a bayanta da kwanon kunu a naɗe da tsumma, ƙanena ya riƙe gefen zanenta, sauran mata suna biye da kaya a ka. A kwanar matakala ta ƙarshe Kaka ta tsayar da su, ta ce ungozoma ce take fara shiga ta ga ko mai jego ta kimtsa. Sannan ta daki ƙofar da tafin hannu, dukan mai murna.

Waƙar ta ɗauke. Ƙararrawar ta ɗauke. Aka yi tsit, irin tsit ɗin gidanmu sak, sai dai ban taɓa jin sa daga wajen ƙofa ba. Na ga kafaɗar Kaka ta ɗan sauka. Ta sassauta murya ta ce, “Ni ce, 'yar nan. Hajja ce.”

Mijin ya buɗe ƙofar kaɗan, ido ɗaya kawai. Kaka ta tura shi gefe tana cewa namiji ba shi da aiki a nan, muka shige, ƙofar ta koma ta rufe.

Abin da na fara gani sawu ne. Ƙananan sawun jariri, farare, an zana su da ƙullun shinkafa, dama da hagu, dama da hagu, tun daga bakin ƙofa ta ciki har kusurwar ɗaki. Kowanne da 'yan yatsunsa. A inda suka ƙare akwai fitilun mai suna ci, da furanni, da faranti-faranti: ayaba, madara, soyayyun ƙwallaye kamar cincin, dakakkiyar cittar nan da aka haɗa da baƙin sukari, da curin man shanu fari sol a kan ganye. A tsakiya ga ɗan gadon lilo wanda bai fi kwanon tuwo ba. A cikinsa jariri ne na tagulla, yana rarrafe, da ɗan curi a hannunsa, sanye da rigar rawaya daga ragowar ɗinkin Inna. Ta yi masa cif.

Kaka ta ce, “A'uzu billahi,” can ƙasa-ƙasa. Mijin na tsaye jikin bango, ba riga, daga shi sai farin zane. Khala ta zube ta kama ƙafafun Kaka tana kuka, tana haɗa duk Larabcin da ta mallaka: kafili, shugul wato aiki, Hajja, don Allah. Ta ji hayaniyar mata a matakala. Ta san in suka shigo, gobe labarin ya gama unguwa.

Kaka ta ce, “Tashi. Ni ba a kama mini ƙafa.”

Daga baya ne, a shekarun da suka biyo, na tsinci bayanin a bakin Khala kaɗan-kaɗan. A wurinsu ranar ce aka haifi abin bautarsu da suke kira Kirishna. Suna wuni da azumi, su share gida, su zana sawun don wai ya bi ya shigo, su sa shi a lilo su yi masa waƙa. Cittar kuwa Kaka ba ta yi kuskure ba, abincin mai jego ce a can ma, saboda uwar da ta haife shi ake yin ta. Man shanun kuma, a labarinsu yaron ɓarawon man shanu ne, ba tukunyar da ta tsira daga hannunsa. A garinsu tun daga titi ake fara zana sawun. A Jidda daga bayan ƙofa ta fara.

Amma a ranar ba wanda ya yi bayanin komai, don ƙanena ya riga kowa. Muna can muna kallon-kallo, shi ya saki zanen Kaka, ya ga hanya an zana, ya bi ta. Yana ɗora ƙafa a kan kowane sawu yana ƙyalƙyala dariya, har ya isa kusurwar, ya dulmiya hannu cikin man shanun nan ya kai baki. Kaka ta yi kansa da “Kai! Ɗan banza!” Khala kuwa ta ɗago, ta gan shi da mai har kunne, sai kukan ya juye dariya, dariyar ta koma kuka, ta dafe ƙirji tana kallon mijinta. Shi ma ya rufe baki da hannu. Ban taɓa ganin fuskar mutum ta yi haske haka ba. Ta yi ta nuna wa Kaka da hannu cewa ba a riga an miƙa wa abin bautar man ba, ba komai, a bar shi. Kaka dai ta ƙwaƙule abin da ya rage a bakinsa da yatsa, ta goge a zanenta, ta saɓa shi a kafaɗa.

Ta kalli leɓen Khala ta ce, “Azumi kike?” Khala ta gyaɗa kai. Kaka ta karɓi kwanon daga hannuna ta dire shi a bakin ƙofa, nesa da kusurwar. “In kin gama abin da kike yi ki sha. Ba zan sauka da shi ba.”

Sannan ta buɗe ƙofa daidai faɗin jikinta, muka fita, ta ja ta. Matan suka taso da guɗa. Kaka ta ɗaga hannu.

“Ku koma. Ba haihuwa. Ƙiba ce kawai, idona ne ya tsufa.”

Ka tuna wace ce ta faɗi haka, kuma a gaban su wa. Goggo da ta riga ta hauro har bayanmu ta ce to tunda an hau ai a shiga a gaisa. Kaka ta ce, “Bismilla. Mijinta na ciki, daga shi sai zane.” Ai kafin ta rufe baki an fara rige-rigen sauka, ana salati ana dariya, tsohuwar nan mai ƙafar saniya tana cewa a bi ta a hankali. Ruwan zafin da aka dafa mu aka yi wa wanka da shi, a wannan zafin, don Kaka ta ce ba za a yi asarar gas ba.

Kafin mu kwanta ta kira ni ta riƙe kunnena, ba da zafi ba. Ta ce, “Abin da take yi ba namu ba ne, kuma ba zai taɓa zama namu ba. Amma kin ji yadda suka yi shiru da na buga?” Na ce na ji. Ta ce, “To.” Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ni da ko farashin tumatir ba na iya riƙewa, na riƙe wannan.

Washegari Khala ta sauko da kwanon a wanke, cike da soyayyun ƙwallayen nan da wasu masu kama da murɗaɗɗiyar igiya. Kaka ta titsiye ta da tambaya: an ajiye su a gaban abin? Khala ta rantse da hannu da kai cewa waɗannan daban ta soya da safen nan. Sai da Kaka ta gamsu sannan ta ce mu ci. Wayyo daɗi! Gishiri-gishiri, ga riɗi, suna ƙaras a baki har maƙwabci ya ji. Daga shekarar ya zama ƙa'ida. In zafi ya kusa ƙarewa Khala za ta zo aron turmi, Kaka ta miƙa ba tare da ta tambayi me za a daka ba. Namu kason ƙwallayen ake fara soyawa a sauko da shi tun rana ba ta faɗi ba. Kaka ba ta sake hawa benen a irin ranar ba, ba ta kuma bar mu mun hau ba. Sai dai takan shimfiɗa tabarmarta a gindin matakala bayan magariba, wai nan ne iska take, duk mai son hawa sai ya tsaya ya gaishe ta ya ji labarin ciwon gwiwarta daga farko.

Kaka ta biya kuɗin shirunta, ba ƙarya. Wasu matan suka koma kiran wata ungozoma daga wani layi. Goggo kuwa ta samu abin yi. Duk taron suna, duk biki, sai ta kalli Kaka ta ɗaga murya: “Inna, jaririnki na bene ya fara tafiya kuwa? Yaushe za a yanka ragon?” Mata su kwashe da dariya. Kaka ta yi murmushi ta ce tsufa ba shi da magani. Ni kuwa ina gefe ina cika ina batsewa, ina jin kamar in tashi in faɗa musu cewa kakata ba ta yi kuskuren citta ba, ba ta yi kuskuren waƙa ba. Na daɗe ina jin haushin Goggo a kan wannan.

Ina budurwa su Khala suka koma ƙasarsu. Bayan wani lokaci wani abokin aikin mijin ya kawo mana hoto: Khala ta ƙara ƙiba, tana dariya, a cinyarta ga yaro kumatu kamar an hura, na gaske wannan karon. Kaka ta yawata da hoton gida-gida tana cewa, “Ai na faɗa muku. Lissafin watannin ne kawai ya ɗan kuɓuce mini.”

Yanzu Kaka tana kwance a ƙasar da ba ta taɓa ba ta takarda ba. Layinmu na Kurayyat an rushe shi, in na wuce a mota ba na iya nuna inda matakalar take. 'Yan Indiyan da nake aiki da su suna nuna mini hotunan bikinsu a waya ba tare da sun waiga ba. Gidan da nake ciki kuwa kowa da ƙofarsa ta ƙarfe. Ban san matar da ke samana ba, ba ta taɓa aron turmina ba, in ma ta haihu sai dai in ga keken jariri a lif.

Da na gaji da kallon sawun autana, sai na ɗauki waya na kira Goggo a Madain Fahd. Ta tsufa, amma bakin yana nan. Na ce yau dai zan faɗa mata abin da ke bayan ƙofar nan, tunda duk wanda abin zai cutar ya tafi. Na zayyana mata komai, lilon, fitilun, rigar rawaya. Ta bar ni har na gama.

Sai ta ce, “Ke, sawun nan ai har ƙarƙashin ƙofa suka leƙo. Ina bayanku, na gan su tun kafin a buɗe.”

Na ce, “Goggo, kin sani? To tsokanar fa, duk shekarun nan?”

Ta ce, “Yo da na yi shiru, ni, wa zai yarda ba wani abu? Ai sai an hau an duba.” Ta yi tari ta ƙara da cewa, “Kuma kakarki ta san na sani. Wa kike tsammani yake ɗaukar mata tabarmar zuwa gindin matakala?”